Neman kalma: "date code" na jikin injin kwale-kwale, me za mu kira shi?

Jama'a masu neman kalmar Hausa, yau daga bakin ruwa na zo muku da guda. Ranar Asabar na raka Baffana dam ɗin Dadin Kowa duba wani injin kwale-kwale ɗan Beljiyam, Yamaha 40, mai shi yana ta rantse-rantse wai ko shekara biyar bai yi ba. Bakanike ya ɗaga murfi ya sa farce ya kankare datti a jikin wani ƙarfe, sai ga ɗan zagaye kaman fuskar agogo, 1 zuwa 12 a gefe, 09 a tsakiya, kibiya tana kallon 7. Ya ce Baffa wannan ƙarfen watan 7 na 2009 aka yi shi. Mai inji ya kama sosa ƙeya.

Toh abin da ya dame ni shine komai a jikin injin nan "namba" muke ce masa, alhali kala uku ne kuma ba aikinsu ɗaya ba. Akwai siriyal, tana kan ɗan faranti a jikin maƙalin da ake ɗaure inji a gindin jirgi, wannan ta inji ɗaya ce tak. Akwai fat namba ta sayen sifiya, misali 63V-44352-01, 63V ɗin samfurin injin ne, 44352 ita ce infela, robar nan mai fuka-fukai da ke tura ruwan sanyaya inji, 01 kuma sauyin da kamfani ya yi wa kayan ne, amma wallahi na sha jin mai shago yana cewa ai 2001 ke nan. Sai ta ukun mai faɗin wata da shekara, ita ce marainiyar da ba ta da suna.

Da na tambayi mutane sunan da za mu sa mata, wani ya ce "esfaya" tunda haka muke cewa a taya. A'a Malam, ko a tayar ma kuskure muke, lamba huɗun nan sati ne da shekarar da aka yi ta, 2319 sati na 23 ne a 2019, ba ranar mutuwarta ba ce.

Wata Hajiya ta kawo "ranar haihuwa", ya yi daɗi a baki amma ba rana a ciki, wata ne da shekara kawai, wani lokacin ma shekara zalla. Ni da farko "lambar zubi" na so sbd yawancin ƙarafan nan narka su ake a zuba a mazubi kaman yadda masu tukwanen alminiyam ke yi, sai aka tuna min duk matar da ta ji zubi adashe za ta tuna, na haƙura.

"Lambar ƙira" ita ta fi samun mutane kuma ni ma na bi, ƙira ta maƙera, kowa ya gane ana maganar lokacin da aka ƙera abu ne. Zagayen nan mai kibiya kuma mu ce masa "agogon ƙira". Wani malaminmu ya yi gardama wai ba kullum lamba ba ce, kuma yana da gaskiya, tsofaffin injinan kwale-kwale na Johnson da Evinrude tun 1980 da haruffa suke ɓoye shekara, sun ɗauki kalmar INTRODUCES mai harafi goma ba maimaici, I shine 1, N 2, T 3, haka har E 9, S kuma sifili, in ka ga ED kusa da ƙarshen modal namba to 96 ke nan, CE kuma 89. Amma Malam ai lamba a Hausa ba ƙidaya kaɗai ba ce, lambar mota ma da haruffa a ciki, lambar yabo kuwa ko alƙalami ɗaya babu.

Da na karanta wa Baffa duk wannan dariya ya yi, ya ce ku 'yan boko kun cika wahalar da kai, wannan ai haƙori ne. In ka je kasuwar shanu ba ka tambayar dillali shekarun sa, baki kake buɗewa ka ƙirga. Na ce Baffa akwai gyara fa, agogon ƙira shekarar ƙarfe ɗaya yake faɗa ba ta inji duka ba, shi ya sa ake duba wuri uku ko huɗu, in duk suna kusa da juna toh shekarar ke nan, in kuma guda ya fito yaro sosai cikin tsofaffi an taɓa canza shi. Ko numfashi bai ja ba ya ce wannan kuma haƙorin Makka.

Dan haka a rubutu na tsaya a kan lambar ƙira da agogon ƙira, a bakin dam kuma na san haƙori ne zai ci, dan kafin mu taso na ji wani yaron jirgi yana ce wa bakanike Oga zo ka duba min haƙorin nawa. Injin dai Baffa ya saya, bayan an zabtare kuɗin.