Muƙamuƙina yana ƙara yana kullewa, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Garwa nake. Wata 5 ke nan gaɓar muƙamuƙina ta dama, nan gaban kunne, tana ƙas-ƙas duk sanda na tauna abu. Da asuba kuwa bakin sai ya ƙi buɗuwa, yatsa biyu ma da ƙyar suke shiga.

Da farko na ɗauka kunne ne, aka duba aka ce lafiya lau. Likitan haƙori ya ce babu ruɓaɓɓen haƙori, gaɓar ce, ya rubuta mini ibuprofen, ya ce in riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi. Na bar goro da kilishi (wannan kam ya fi ciwon zafi!), na koma kunu da faten dankali. Sauƙin kwana biyu ne, sai ya dawo, ga maganin ya fara taɓa mini ciki.

Uwargida ta ce ina cizon haƙora cikin barci. To robar nan da ake sa wa haƙora da dare, akwai wanda ya gwada ta? A Garwa ko Marwa ana aunawa a yi wa mutum, ko sai Yawunde? Sefa nawa take kai wa?