Injin daddatsa rassa na bayan tarakta: wane gyara zan iya yi masa a gida da kuɗi kaɗan?

Mai Lambu Soba:

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma da masu sana'ar ƙarfe. Ina da lambun mangwaro da gwaiba a wajen Soba, kan hanyar Zariya zuwa Jos, kewaye da darbejiya da turare. Duk shekara in aka rage rassa, masu kauri mata ke kwashewa su yi girki, ragowar kuma a tara tsibi-tsibi a cinna musu wuta. Ƙonawar nan ce ba na so, don lambun na bukatar abin da zai rufe ƙasa da rani. Shi ya sa na sayi injin daddatsa itace na hannu, ƙirar China, irin wanda ake ratayawa a bayan tarakta, shaf ɗin PTO, wato sandar da ke ɗauko juyi daga bayan taraktar, ya juya shi. A jikinsa an rubuta yana cin itace mai kaurin inci 6. Yana da babban faranti mai nauyi da wuƙaƙe biyu a jiki, da wata rola mai haƙora da ke jan reshe ciki. Taraktar kuma Massey Ferguson 375 ce.

Injin yana aiki, ba zan ci amanarsa ba, amma yana da halaye. Bututun da ke feso daddatsen itacen gajere ne, ba ya kai wa cikin tirela, sai dai ya zuba a ƙasa yara su kwashe da shebur. In aka ba shi ɗanyen ganyen mangwaro da yawa sai ya toshe, kuma kafin a buɗe murfin farantin sai an kwance notuna har mutum ya gaji. Rolar tana zamewa a kan reshen turare saboda santsinsa, sai ka ga yara na tura reshen da hannu, abin da ke tayar min da hankali ke nan. Ƙaramar kusar da ke jikin shaf tana yawan karyewa, direbana ya ce mu sa wadda ta fi ta ƙarfi mu huta. Ga wuƙaƙen sun dakushe, ban ga inda ake sayar da irinsu ba, wani maƙeri kuma ya ce zai ƙera min daga sufirin ɗin mota.

Kuɗin kai shi kamfani babu. Mene ne mai walda na gari zai iya yi, mene ne kuma bai kamata a taɓa ba?

Usta Panteka:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Irin wannan aikin shi muke yi a nan Panteka ta Kaduna, kuma yawancin abin da ka lissafa da guntayen ƙarfe za a gama shi.

Bututun za a iya ƙara masa tsawo, amma kar ka zarce rabin mita. Abin da ke fitar da itacen iskar da fikafikan bayan farantin ke kaɗawa ce da kuma jifan da suke yi masa, duk tsawon da ka ƙara ƙarfin nan yake ci. Ƙarin ya fi na asali faɗi kaɗan, a zura na asalin a cikinsa, lanƙwasar ta tafi a hankali, ba kwana mai kaifi ba. A cikinsa kar a bar kan noti ko tudun walda, nan ganye ke fara maƙalewa. A bakinsa a sa ɗan marfi mai hinji da sarƙa, ka riƙa saita inda zai zuba. Ni da nawa ne ma, tirelar zan fara gyarawa: a kafa mata sanduna, a ja ragar waya ko tsofaffin buhuna ta ɓangare uku, a bar ɓangaren injin a buɗe. Ya fi araha, kuma ba ka taɓa injin ba.

Murfin farantin a yi masa hinji a gefe ɗaya da sakata a ɗayan, an gama da wahalar sifana.

Rolar nan a hankali take juyawa, don haka walda ba ta cutar da ita. A ciro ta, a bi haƙoran da giranda su dawo da baki, waɗanda suka cinye a ɗora musu walda a sake fiƙe su. Sufirin biyun da ke danne ta ƙasa sukan saki in sun tsufa. A sa musu dogon noti mai zobe yadda za ka riƙa ɗaurewa kana sassautawa. Sannan a yi wa bakin mazurarin tebur na falalen ƙarfe ya fito waje sosai, da bango hagu da dama, yadda ko yaro ya miƙa hannu iya tsawonsa ba zai kai ga rola ba. Wannan teburin shi zan fara yi kafin komai.

Wuƙar sufirin kuwa, mun sha yin ta wa injin yankan ciyawa da kara, kuma tana ci.

Injiniya Samaru:

Alhaji, barka da ƙoƙari. Usta ya yi magana mai kyau a kan bututu, rola da tebur, ban da abin ƙarawa. Wuri biyu ne ban bi shi ba, kuma duka biyun a jikin faranti suke.

Mu ɗan yi lissafi. PTO na taraktarka juyi 540 yake yi a minti, wato sau 9 a daƙiƙa ɗaya. Yawancin injinan nan suna da bel da fuli da ke ninka wannan gudun kusan sau biyu kafin ya isa faranti. In farantinka ya kai santimita 60 a faɗi, yana juyi 1000 a minti, bakinsa yana gudun da ya haura kilomita 110 a awa. Wuƙar da ke ɗaure a wurin tana sarar busasshiyar darbejiya ne a wannan gudun. Injin ciyawa kara yake yanka, ba ɗaya ba ne. Wuƙar injin itace da ƙarfe na musamman ake yin ta, a gasa ta a ma'aunin zafi da aka sani. Maƙeri da idonsa yake auna wuta. In ta yi taushi ta lanƙwashe ta daki maƙerar da ke gabanta, wato ƙarfen da ke kafe wanda wuƙar ke datse itace a kansa, in ta yi tauri da yawa ta fashe, ɓallin ya fito ta bututu ko ta mazurari inda yaronka yake tsaye. Sufirin kuma a lanƙwashe yake tun asali, da wuya ya kwanta daram a jikin faranti.

Wuƙaƙen da ke hannunka ba su mutu ba, wasawa suke so. Ka duba ma, da yawansu baki biyu gare su, juyawa kawai ake yi. Ka kai su wurin masu wasa wuƙar injin gyaran katako a 'yan katako, su wasa da ruwa, su bi kwanar da ta zo da ita, wadda takan kasance wajen digiri 30. Kar a sa musu busasshiyar giranda, da zarar bakin ya yi shuɗi taurinsa ya tafi. In an gama a ɗora su a kan ƙaramin sikeli ɗaya bayan ɗaya, nauyinsu ya zo daidai, in ba haka ba farantin zai riƙa rawa ya cinye boris. Wajen mayarwa a goge mazauninsu tas, a sa sababbin kusoshi masu ƙarfi irin na asali, a saita tazarar da ke tsakanin wuƙa da maƙera ta zama kamar milimita ɗaya. Tsohon katin ATM kaurinsa milimita 0.76 ne, ya shiga a sake, biyu a haɗe kuma kar su wuce da sauƙi. A juya farantin da hannu a gwada kowace wuƙa. Za ka yi mamaki, rabin zamewar rolar da toshewar bututun daga dakusasshiyar wuƙa suke: mai kaifi da kanta take jan itace, kuma tana fitar da gutsattsari masu tsabta maimakon zare-zaren da ke cushewa. Ka ajiye ɗaya a matsayin samfur, ka auna tsawo, faɗi, kauri da tazarar ramuka, masu shigo da kaya daga China za su iya nemo maka.

Na biyu, murfi. Hinji babu laifi, amma sakata a'a. Murfin nan shi ne tsakaninka da wuƙa in ta tsinke. A bar aƙalla manyan notuna biyu suna riƙe da shi. Wahalar kwance su ma tana da amfani, don farantin yakan daɗe yana juyawa bayan an kashe tarakta, mai gaggawa da sakata zai buɗe shi yana kan gudu.

Kusar shaf kuwa, ka gaya wa direbanka don ta karye aka sa ta. Ita ce fis ɗin injin. In ta ƙi karyewa, wani abu mai tsada a cikin tarakta ko injin ne zai karye a madadinta. Ka duba lambar ƙarfi da ke kan ta asali, in 8.8 ce ka sayi 8.8 da yawa ka zuba a akwatin tarakta, kar a sa 10.9 ko 12.9, kar kuma a sa guntun rodi. Abin tambaya shi ne me ke karya ta. Sau da yawa direba ne ke sa PTO injin taraktar na ihu. A sa shi a sulo, a saki kuloci a hankali har farantin ya ɗauka, sannan a ƙara wuta. Ina kuma zargin wani abu: injinan nan don ƙananan taraktoci aka yi su, ita kuwa 375 doguwa ce, mai ƙarfin doki 75. Ka ajiye injin a ƙasa ka duba ko shaf ɗin a miƙe yake ko ya sunkuya.

Hajiya Mai Kaji:

Sannunku da aiki. Ni ba ruwana da ƙarfe, abin da ke fitowa daga bututun nake so. Alhaji, in za ka sayar wa masu kaji don shimfiɗa, ka baza shi a rana ya bushe ƙarau tukuna. Ɗanye in aka tara shi zafi yake ɗauka ya yi fumfuna, fumfunar nan kuma tana kama huhun 'yan tsaki. A gindin mangwaro ma kar a jingina shi da jikin bishiyar, a bar tazarar taku ɗaya saboda gara, kuma a barshi a sama, kar a cuɗa shi da ƙasa yana ɗanye, zai riƙe wa shuka abincinta kafin ya ruɓe.

Kuma don Allah, duk wanda zai tsaya a bakin injin nan ko kusa da shaf ya cire babbar riga da rawani, ya sa 'yar shara mai gajeren hannu. Magarya da bagaruwa ƙayarsu kama tufafi take yi. Yaran makwabta kuma a kore su, su dai ba sa ganin tarakta su wuce.

Usta Panteka:

Injiniya, a kan murfi na ji, a bar notuna biyu, sai dai a yi wa sifanarsu mazauni a jikin injin don kar a yi ta nema. A kan sufirin dai ina nan a kan cewa akwai maƙeran da suka iya wuta, amma tunda wuƙaƙen Alhaji na nan da ransu, maganar ta wuce.

Ga wasu ƙanana da na manta. Tsofaffin Massey da jan waya ake kashe su. A ɗaura igiya a marikin, a bi da ita ta zobba zuwa gefen mazurari, wanda ke ba injin itace ya iya kashe tarakta daga inda yake. Farantin ba zai tsaya nan take ba, amma ya fi a ruga a zagaya. Hannun da ke tsayar da rola ma a ƙara masa ƙarfe ya zagayo bakin tebur, yadda ko da ƙugu mutum ya buge shi rolar za ta tsaya. Abin turawa ya zama reshe mai baki biyu, ba ƙarfe ba. Ganye kuma a riƙa haɗa shi da itace: damin ganye, sai busasshen reshe ya bi baya ya share bututu. Rassan da aka ja a ƙasa a kakkaɓe su, yashi ya fi komai cin wuƙa.

Mai Lambu Soba:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Injiniya, na je na duba, zarginka gaskiya ne. In injin na ƙasa, PTO na tarakta ya fi bakin injin tsawo da kusan santimita 20, shaf ɗin a sunkuye yake. Direba yakan ɗan ɗaga injin da lif don ya miƙe, sai ya yi ta lilo a sama. Wuƙaƙen kuma baki biyu ne da su, ɗaya bakin ko taɓa shi ba a yi ba. Yaya zan yi da tsawon nan?

Injiniya Samaru:

Kar a yi aiki da shi a rataye, nauyinsa ya zauna a ƙasa. Usta ko wani mai walda ya yi masa ƙafa da ƙarfen canel mai kauri, tsawon santimita 20 ɗin nan, a ɗaure ta da notuna a ƙasan firam ɗin, ta ɗan fi injin faɗi. Kafin a yi, manyan katakai biyu da aka ɗaure da kusoshi za su riƙe ka.

In injin ya hau, shaf ɗin zai miƙe, kuma a nan ne yake bukatar ya fi gajarta. Ka zare shi biyu, tunda dama rabi ne a zure cikin rabi, ka sa rabi a tarakta rabi a injin, ka jera su gefe da gefe. A miƙe ya kamata a sami sarari kamar santimita 3 zuwa 5 kafin bututun shaf ɗin ya tokare, in kuma an ɗaga lif har sama, kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu ya rage a cikin juna. In ya yi tsawo a yanke daidai wa daida daga kowane rabi, har da rigar robar da ke kansa, a goge bakin da fayil, a shafa giris. In rigar robar ta fashe ko babu ita, ka nemo wata kafin ka sake tayar da injin.