Gero na zuba a tsakiyar rola, gefuna na juyi a banza. Ina gyaran yake?

Mai Inji Garin Malam:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga waɗanda suka san injin rola, don abin nan ya fara fin ƙarfina.

Shekara 9 ina niƙa da injin faranti a Garin Malam, nan Damagaram. Bayan kaka na sayo injin rola wanda aka taɓa aiki da shi daga Kano, aka shigo min da shi ta Matamaye. Matan da ke ɗaura garin gero a leda suna kai wa masu kanti ne suka matsa min, wai garin faranti yana fitowa da zafi, yana yin duhu, kuma ba ya jimawa warinsa ke canzawa. Rola biyu ce masu haƙora, tsawon kowace santimita 60, moter mai kilowat 7.5 ke jan su. Mai sayarwa ya rantse min komai na ciki. Da muka kwance kaya sai na tarar da kan injin fayau, babu abin da ke sakin hatsi. Na kira shi, ya ce ai wannan kowane mai walda zai yi maka.

To na kai wa mai walda. Ya yi min mazurari na tol, wato fallen ƙarfe, mai cin tiya 20, da 'yar ƙofa a gindi wadda ake ja da hannu. Tun ranar ban huta ba. Idan na buɗe ƙofar kaɗan, geron ya tsaya cak sai yarona ya riƙa dukan mazurarin da itace. Idan na ƙara buɗewa, ya kwararo gaba ɗaya, moter ya hau gurnani, kuruwa ta fara zamewa tana warin ƙuna. Kuma duk a tsaka yake sauka, faɗin tafin hannu biyu. Garin da ke fita ta tsakiya da ɗumi, a gefe kuwa tsaki ne, har da ƙwayar da ta wuce lafiyarta lau. Jiya na haska fitila na ga tsakiyar rolar ta fara sheƙi.

Rolar ce ta mutu aka sayar min, ko zubin ne? Azumi na tafe, ga oda a hannuna.

Baba Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka, da wuya rolarka ta mutu. Amma idan ka ci gaba a haka kai za ka kashe ta da hannunka.

Ka saba da faranti, shi kuwa faranti ta tsakiya yake karɓar hatsi, ya watsa shi da kansa zuwa baki. Rola ba ta watsa komai. Inda ƙwaya ta faɗa, nan za a murƙushe ta, nan za ta fita. Shi ya sa a masana'antar alkama da na yi aiki ake cewa hatsi ya sauka kamar labule: siriri, kaurinsa ɗaya, daga wannan kunnen rola zuwa wancan, babu yagewa. Kai yanzu santimita 60 ka biya, amma da 20 kake aiki. Wannan 20 ɗin ita ke ɗaukar dukan nauyi, ita ke zafi, ita haƙoranta ke cinyewa. Idan tulin da ke tsaka ya yi yawa yana tura rolar baya, tsakaninsu ya buɗe, sai 'yan ƙwayoyin da suka fantsama gefe su wuce ba a taɓa su ba. Ga asalin tsakinka.

Abin da aka cire maka daga kan injin, bari in kwatanta maka shi. A injinan Bühler na Suwizalan da ire-irensu, hatsi na sauka cikin wani tulun gilashi. A ƙarƙashinsa akwai ƙananan rola biyu, ba niƙa suke ba, rabo suke. Ta baya tana juyi a hankali, wani lokacin da murɗi a jikinta kamar na sukuru, rabi na tura kaya dama rabi hagu, don ya kai har ƙarshe. Ta gaba mai 'yan kwari a tsaye ita ke ɗiban kayan tana zubawa daidai bakin manyan rola. A kanta akwai dogon ƙyaure mai tsawon rolar duka, shi ke yanke kaurin labulen. A tsofaffin injina, cikin gilashin akwai wani ƙarfe mai rassa kamar bishiya. Hatsi ya taru ya danne shi, sai ya ja hannun ƙyauren ya ƙara buɗewa. Hatsi ya ragu, resor, wato sifirin, ya maido shi. Idan kaya ya ƙare, manyan rolar su ja da baya da kansu, don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Na zamani na'ura ce ke auna yawan kayan tana ƙara ko rage gudun rolar rabo, amma dabarar ita ce dai.

Ka ga bambancin da taka ƙofa? Kai nauyin hatsi ke turo hatsi, shi ya sa mazurari cike ya yi ambaliya, ya kusa ƙarewa ya yi ɗigo. Can kuwa juyi ke fitar da shi. Rolar rabo ta tsaya, zubi ya tsaya.

Kafin ka kashe ko dala, yi abu uku. Na farko, kashe inji, ka ɗora ma'aunin ƙarfe miƙaƙƙe a tsawon rola, ka haska tocila ta baya. Idan haske na ratsowa a tsaka, ta fara rami. Na biyu, ka samo siraran ƙarafan nan da makanikai ke auna bakin buji, ka gwada tsakanin rolar a dama da hagu, su zo ɗaya. Na uku, ka yanka kwali biyar masu faɗin santimita 12, ka jera su ƙarƙashin mazurarin, inji a kashe, ka saki gero na ɗan lokaci, ka auna kowane kwali a sikeli. Kawo mana lissafin nan.

Wani abu kuma, ka raba yaron nan da itacen. Rola ba ta san itace ba, ba ta san hannun riga ba, abin da ta kama ba ta saki.

Makanise Na Sabon Gari:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni dai ta ɓangaren aljihu zan zo. Wannan tulun gilashi da resor ba za ka same su a Kasuwar Dole ba, kuma ba ka buƙatarsu tunda da hannu kake zuba hatsi, ba daga wani injin yake zuwa maka ba. Rolar rabo guda ɗaya ta ishe ka.

Na taɓa haɗa wa wani a Mirya. Bututun ƙarfe mai kauri, faɗin santimita 7, tsawonsa daidai da rolar niƙa, aka fitar masa da kwari a jiki a wurin masu tur, wato masu injin sassaƙa ƙarfe, aka sa ruloma biyu a gefe. Mazurarin aka sake shi, maimakon ya tsuke zuwa rami ɗaya sai gindinsa ya zama dogon tsagi na santimita 60. Ƙyauren da bulon biyu, wato ƙusoshi masu murɗi, ɗaya a kowane gefe, don ka iya ɗaga dama ba ka taɓa hagu ba. Juyin kuma daga sandar babbar rola aka ɗauko da ƙaramar kuruwa. Idan rolarka na yin 500 a minti, ka sa puli mai santimita 8 a can, mai 40 a nan, ka samu 100. Amfanin haka, ranar da babbar kuruwa ta zame rola ta rage gudu, zubin ma ya ragu tare da ita, inji ba zai shaƙe ba.

Kada ka manta da mayen ƙarfe a hanyar hatsin. Ƙusa ɗaya ta isa ta fasa maka haƙoran rola.

Ɗan Kano A Zinder:

Ni sai da na karanta sau biyu kafin na gane kuruwa ita ce bel, ruloma kuma boris. Allah ya bar zumunci.

Malam, akwai hanya mafi sauƙi. Faranti mai karkarwa. Tire ne mai faɗin rola, an ɗan karkata shi, ƙaramin moto na girgiza shi, hatsi na tafiya a shimfiɗe har ya faɗa. Na gani a wurin masu abincin kaji, masara ce, tana sauka tsaf. Babu zuwa wurin masu tur.

Baba Tsohon Injiniya:

Ɗan Kano, mai karkarwa yana aiki, ban musa ba, a masara da alkamar da ba a fasa ba. Amma gero ƙwaya ce ƙarama mai mulmule, gangara take nema. Tiren ya karkace gefe ko da kaurin ashana ne, duk geron can zai tafi. Kuma idan ya dawo da ɓarzajje zagaye na biyu, girgiza za ta raba masa kaya, gari ya kwanta ƙasa ya manne, tsaki ya hau sama ya riga shi fita. Ƙasan shagon mai inji kuwa ka san yadda take rawa.

Tunda na ambaci zagaye na biyu: ɗana, ina fata ba so kake ka fitar da gari a wucewa ɗaya ba. Rola mai haƙora ɓarza take, ɗaya na gudu kusan ninki biyu da rabi na ɗayar, tana tsaga ƙwaya. A tankaɗe, a mayar da tsakin, a ɗan matse. Wanda ya matse rola tun farko don ya huta, zafi zai samu.

Hajiya Mai Garin Kunu:

Sannunku da ƙoƙari malamai. Ni ban san puli ba, amma gero na sani, shekara 14 ina surfe ina wanki ina kai niƙa. Duk kun yi ta ƙarfe, babu wanda ya tambayi mai inji wane irin gero ake kawo masa.

Mu idan mun surfa muna wankewa mu cire dusa, mu rege tsakuwa, mu baza a tabarma. Mai gaggawa ba ta jira ya sha iska, da danshinsa take kawowa, saboda faranti bai damu ba. Irin wannan geron idan ka damƙa a hannu ka buɗe, za ka ga ya dunƙule, wasu ƙwayoyin sun manne a tafinka. Shi ne zai riƙe juna a mazurari ya yi rumfa, ƙasa babu komai, sama a cike. Wata kuma nata ya kwana biyu a hunturun nan ya bushe ƙayau, zuba yake kamar ruwa. To ƙofa ɗaya ta yaya za ta yi wa su biyun daidai? Ko da rolar rabon Makanise, sai ka riƙa taɓa kayan kowa kafin ka zuba. Mai danshi ka ce ta koma ta shanya, ko ranta zai ɓaci. Ni ma an taɓa maido ni, na yi fushi, washegari na dawo.

Zancen zafi kuwa kada ka raina shi. Gero na da mai a jikinsa, garin da ya fito da ɗumi aka ɗaure a leda, kwana kaɗan ne ya fara ɗaci. Mu ake dawo wa da kaya, ba ku ba.

Mai Inji Garin Malam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na yi gwajin kwali. Daga hagu zuwa dama: giram 40, 210, 690, 250, 60. Da na ga lissafin sai kunya ta kama ni, wata biyu ina zagin rola. Ma'auni kuma ya nuna haske siriri a tsaka, ɗan kaɗan. Tsakanin rolar ma ba ɗaya ba ne, hagu ya fi buɗewa, na gyara.

Makanise ya zo shago da kansa ranar Asabar. An yanke gindin mazurari, an miƙe bangonsa ya fi tsayuwa, an sa rolar rabo da ƙyaure. Da muka sake gwaji, kwali uku na tsaka sun zo kusan ɗaya, na gefe biyu sun gaza da kamar kashi ɗaya cikin biyar. Sai ya lura yarona a tsakiyar mazurari yake juye kwano, geron ya yi tsauni, gefuna su riga ƙarewa. Ya walda wani tol mai siffar rufin ɗaki a ciki, yana raba kayan biyu, muka kuma ja layi da fenti cewa hatsi kada ya sauka ƙasa da nan. Na sa agogon amper a bango, allurar da da take tsalle yanzu tana zaune wajen 11 zuwa 12, moter ɗin 15 aka rubuta a jikinsa. Buhu mai tiya 40 ya wuce ɓarzar farko kuruwa ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya, garin kuma na sa hannu na ji shi da sanyi.

Hajiya, maganarki ta fito. Shekaranjiya aka kawo mai danshi, na ce bari in gwada, ya cike kwarin rolar rabo ta koma sumul tana juyi ba ta ɗiban komai. Sai da muka kashe inji muka goge da buroshin ƙarfe.

Da sauran rina a kaba wajen zagaye na biyu. Ɓarzajjen ba ya sauka kamar ƙwaya, labulen na yagewa nan da can, sai na ɗaga ƙyaure sosai, in na ɗaga kuma ya yi yawa. Baba, gudun rolar rabon zan canza, ko wata mai ƙananan kwari zan sa a yi?

Baba Tsohon Injiniya:

Kada ka ɗaga ƙyaure, gudu za ka ƙara. Kaya mai laushi ya fi son tsagi matsattse da rola mai sauri. Makanise ya yi maka puli mai hawa biyu, 40 na ƙwaya, 25 na ɓarzajje, wannan zai ba ka 160 a minti. Ka tankaɗe garin sosai kafin ka mayar, shi ke toshe kwarin. Idan duk da haka yana yagewa, a sa sanda mai 'yan yatsu a saman rolar rabo tana motsa kayan. Gwada na pulin tukuna, ka sake jera kwalayenka. Ranar Juma'a bayan masallaci zan biyo in ga wannan hasken da ka ce yana ratsowa a tsaka, ka ajiye min tocilar.