Musayar Waƙa: Hijabin Ɗiyata da Sashe na 10 na Tsarin Mulkin Najeriya

Ɗan Agege:
Salamu alaikum. Na buɗe fage, amsa-amo "wa".

Ranar da ɗiyata ta dawo gida,
Hijabi a jaka, hawaye na zubowa.
Mai gadi ya tsare ta a bakin ƙofa,
Wai dokar makaranta ce ke hanawa.
A 2014 kotun Legas ta bi bayansu,
A 2016 ta sama ta yi rushewa.
Sai 2022 Kotun Ƙoli ta ce a bar su,
Shekara takwas ana zuwa ana dawowa.
In wannan ne raba addini da mulki,
Ni dai wallahi ba na amincewa.

Malama 'Yar Zazzau:
Sannu Yaya, Allah ya raya mana ita.

Yaya, kukanka ya taɓa mini zuciya,
Amma sashe na 10 bai ce a yi tuɓewa.
Gwamnati ya ja wa kunne kan addini,
Kar ta ɗau guda ta yi ta ƙaƙabawa.
Sashe na 38 shi ne gatan 'yarka,
Shi ne gatan Kiristar da nake koyarwa.
In malamin Islamiyya ya shigo ajinmu,
Ba mai tilasta mata zama da haddacewa.
Ni mai ci min rai shi ne ɗan siyasa,
Mai tuna masallaci in zaɓe na matsowa.
Ya raba taliya da atamfa, ya ja aya,
Rufin ajinmu na yoyo, bai dubawa.

Baba na Damagaram:
'Ya'yana, ku ba tsoho wuri.

A 1905 Faransa ta raba coci da mulki,
A 2004 kallabi a aji suka yi haramtawa.
Tsohon tsarin mulkinmu na 2010 ma ya raba su,
Amma nan Nijar ba mu bi Faransa har can ba kuwa.
Madarasar Say tun 1957 take,
Larabci da Faransanci ake karantawa.
Jikokina da hijabinsu suke lakkwal,
Ba wanda ya ce musu sai an cirewa.

Ɗan Agege:
Baba, na gode. Malama, na karɓi gyara.

Sashen ba ni da faɗa da shi, ƙanwata,
Masu fake da shi ne suka sa ni kokawa.
Yau da safe na raka autarmu makaranta,
Hijabinta fari, gugagge, har gwiwa.
Na tsaya nesa, gabana yana faɗuwa,
Mai gadin nan ya ce mata, "Sannu da zuwa."