A agaza min da shawara: musayar kukis a wajen aiki, ni kuwa cincin kaɗai na iya

Mai tambaya, daga Amurka:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Matan wajen aikinmu suna da wata al'ada duk Disamba kafin hutun Kirsimeti: kowace ta gasa kukis kala ɗaya mai yawa, a haɗu a baje a tebur, kowa ta ɗebi na kowa ta tafi gida da kala-kala. Kamar dai yadda muke aika wa maƙwabta cincin da sallah, sai dai su a zama ɗaya ake yi. Bara na zille, bana kuwa tun ban ce uffan ba aka rubuta sunana. Mu takwas ne, kowace za ta kawo dozin bakwai, guda 84 ke nan, kuma Juma'a mai zuwa ne. Jiya na gwada mai cakulan, wallahi kafin minti goma duk sun narke sun haɗe sun zama faifai guda, sai da wuƙa na kankare tiren. Wanne zan yi wanda ba zai ba ni kunya ba?

Anti daga Kano:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ke da kike da gireba a gidanku me ya kai ki ga cakulan? Ai gireba kukis ce, kuma ba ƙwai, ba madara, ba injin bugawa. Fulawa kofi huɗu, niƙaƙƙen sukari kofi ɗaya, mai kofi ɗaya, ɗan gishiri. Ki haɗa fulawar da sukarin, sai ki riƙa zuba man kaɗan-kaɗan kina murzawa da tafin hannu. Kada ki juye shi gaba ɗaya, fulawa ba ta zama ɗaya. Idan kin dunƙula a hannu kika buɗe ya tsaya bai warware ba, to ya yi. In ya ƙi, ƙara mai cokali guda. Ruwa kuwa ko ɗigo kada ya shiga, shi ke sa ta tauri. Ki cusa a ƙaramin ludayi ki danna sosai, ki kife a tire, ki barbaɗa riɗi a kai. Wannan awon zai ba ki wajen guda arba'in in ƙanana ne, don haka ki yi kwaɓi biyu da ɗan ƙari saboda masu ɗanɗano a gida.

Maman 'yan biyu, Hustan ta Amurka:
Anti ta gama magana, amma ki kiyaye abu biyu da ba a damu da su a gida ba. Kada ki sa man gyaɗa, ki sa na kanola ko na masara, don a nan akwai waɗanda gyaɗa ke kaiwa asibiti. Riɗi ma tun Janairun 2023 doka ta sa shi cikin abubuwa tara da dole a bayyana a jikin abincin sayarwa saboda masu alaji. Ni dai da ni ce, rabi da riɗi rabi babu, kwano daban-daban, in rubuta abin da ke ciki a 'yar takarda. Sannan oven ɗinki da Fahrenheit yake lissafi. In an ce miki 160 a lissafin Celsius irin na gida, ke 325 za ki sa. Ni da na zo sabuwa 180 na murɗa na zauna ina jira, awa guda ƙullu yana kallona ina kallonsa.

Wata 'yar'uwa a Ingila:
Ko ki yi shortbread, wato kukis ɗin bota, awonsa ɗaya-biyu-uku: sukari giram 100, bota 200, fulawa 300. Shi ke nan.

Anti daga Kano:
Wannan ai gireba ce ta sa kwat. Bota ce ta ba ta kunya jiya, a bar ta da mai.

Maman 'yan biyu:
Anti ba laifin botar ba ne, ta yi laushi da yawa ne. Da ta sa ƙullun a firij rabin awa da bai baje ba. Af, na manta: in za ki sa fanila ki duba kwalbar, wadda aka rubuta pure extract aƙalla kashi 35 cikin ɗari nata barasa ce. Ki nemi marar barasa ko ki daka 'ya'yan kadamon ki zuba, ya fi dacewa da gireba ma. Abin da za ki kwaso nasu kuma, duk mai marshmallow (alawar nan mai laushi kamar soso) ki tambaya, yawanci jelatin ɗin alade ne.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, gireba ta ci. Amma ba za ta farfashe a mota ba? Tafiyar minti arba'in ce. Kuma minti nawa a wuta?

Anti daga Kano:
Daga minti ashirin ki fara leƙawa. Samanta ba ya yin ja, ƙasan za ki duba, da ya yi ruwan zuma ki fitar. Kada ki taɓa ta da zafi, a hannunki za ta zama gari, bar ta ta huce a tiren tukuna. Ki yi ranar Laraba ki jera a roba mai murfi, takarda tsakanin kowane layi, kuma ki ɗora robar a kujera, ba a but ba.