Sabuwar anemoni ta kafet ta ƙi zama wuri ɗaya, a taimaka

Ɗan Tumfure:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu tankin ruwan gishiri ku kawo ɗauki. Yau kwana uku kenan da aka kawo min anemoni, halittar tekun nan mai rai mai kama da fure, irin mai faɗin nan da ake ce ma kafet, koriya ce shar, faɗinta ya kai farantin cin abinci, daga Legas ta taso ta kwana a hanya sannan ta iso Gombe da la'asar cikin leda. Tankina lita 300 ne, wata takwas da haɗa shi, akwai kifin kilawun guda biyu (ɗan kifin nan da ke yin gida a jikin anemoni) da 'yan murjani. Na ɗora ta a kan dutse can sama inda fitila ta fi haske, gari ya waye na tarar ta sauko kan yashi, na ɓamɓare ta na mayar sama, ta sake saukowa. Yanzu da hantsi sai ta baje, da yamma kuma ta yamushe kamar tsumma, bakin ya ɗan buɗe wani abu ruwan ƙasa yana fita. Na ba ta yankan titus ta riƙe can kuma ta tofar. Awon gishirin ruwan 1.025 ne, zafin ruwa digiri 29 wani lokaci har 30 da azahar. Mutuwa za ta yi ne? Wallahi kuɗin da na kashe ko uwargida ban gaya ma ba.

Baban Hanifa, Bauchi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko dai cire hannunka daga ruwan nan, kai ne kake wahalar da ita. Kafet ba iri ɗaya ba ce, akwai haddoni, akwai gigantea, akwai mertensii, kuma wadda aka fi sayarwa ita ce haddoni. Ita kuwa haddoni a yashi take zama, ƙafarta take cusawa can ƙasa har ta kama wani abu mai tauri, in an tsorata ta sai ta ja jiki ta shige yashin. To ka ga sau biyu tana gaya ma inda take so kai kana mayar da ita inda kai kake so. Duba gashin jikinta, in gajeru ne cunkus kamar kan darduma kuma ba sa motsi da kansu to haddoni ce, na gigantea sun fi tsawo kuma za ka ga suna karkarwa ko ruwa ba ya kaɗawa.

Abin da ya fi tsorata ni a maganarka shi ne ɓamɓarewar nan. Ƙafar nan ita ce ranta, in ta yage da wuya ta tashi. In ka ga ta riga ta kama to bar ta nan ko da wurin bai maka kyau ba. In kuma har yanzu birgima take, ka haƙa ɗan rami a gindin dutse har ka kusa taɓo gilashin ƙasa, yashin ya kai kamar santimita 8 zuwa 10, ka rage ƙarfin famfo ka ajiye ta a ciki, ita za ta ƙarasa sauran.

Abinci kam manta da shi sai bayan sati ɗaya ko fiye. Wadda ta sha doguwar hanya ba ta da ƙarfin narkarwa, zama zai yi a cikinta ya ruɓe, kuma titus mai ya masa yawa, ruwa kawai zai ɓata maka. Ai ba yunwa za ta kashe ta ba, akwai wasu ƙananan halittu masu kama da gansakuka da ke zaune cikin naman jikinta, su ke haɗa mata abinci daga haske, shi ya sa in ka ga anemoni ta yi fari fat ba kyau ba ne ta yi, rasa su ta yi. In ta murmure sai ka fara da jatan lande ɗanye ɗan mitsitsi, kamar ƙwayar wake, sau ɗaya ko biyu a sati.

Yamushewa sau ɗaya a rana da fitar da abin nan ruwan ƙasa ba abin tashin hankali ba ne ga sabuwa, ruwan cikinta take sauyawa tana fitar da kashi. Wanda za ka sa ma ido shi ne bakin ya wangale har kana hango kayan ciki, ko ta daina danƙo, ko tana yamushewa sau da yawa a yini kuma kullum tana daɗewa kafin ta baje.

Maman Ilham:
Duk abin da Baban Hanifa ya faɗa haka ne, ni dai ƙarin da zan yi shi ne ka rufe bakin famfunan nan masu kaɗa ruwa YAU, da soso ko raga, kar ka ce sai gobe. Ni da idona na gani, tawa ta tashi yawo cikin dare famfo ya zuƙe ta ya markaɗa, na tashi sallar asuba na ga ruwa ya zama kamar koko, kifina biyar babu wanda ya kai azahar. Sannan ka san kafet tana cin kifi ko? Ba wasa ba, danƙonta ya fi na sauran, kifi ya firgita cikin duhu ya faɗa kanta shi kenan an gama. Ka bar ɗan haske mara ƙarfi da dare. Kuma sa safar hannu, harbinta na sa fata ta yi ja tana raɗaɗi, yara ma kar su kusanci ruwan.

Injiniya na Pantami:
Ni ta wajen zafi da wuta zan shigo don nan ne mu 'yan Gombe muke faɗuwa. 30 ya yi yawa malam, 25 zuwa 27 ake so, kuma hawa da saukan ma ya fi zafin illa. Yanzu ma kenan, ina ga Maris da Afrilu lokacin da gari ke kai 40? In ba ka da halin na'urar sanyaya ruwa, buɗe murfin ka kafa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, za ta sauke maka digiri ɗaya ko biyu. Amma fa ruwa zai dinga ƙafewa da sauri, gishiri kuma ba ya bin tururi, a tanki yake zama, don haka in za ka cika ka cika da ruwan RO, wato wanda na'ura ta tace tas, zalla mara gishiri, kullum kaɗan kaɗan, kar ka bari sai ya sauka sosai ka antaya bokiti guda. Ruwan burtsatse ko fiya wata kar ka soma. Lokacin hunturu ma haka yake ƙafewa saboda bushewar iska.

Sai batun ɗauke wuta. Fitila za ta iya mutuwa yini guda ba komai, amma ruwa ya tsaya cik na awanni cikin zafin nan iskar cikinsa ƙarewa take. Famfo ɗaya dai ka ɗora shi kan inbata shi kaɗai, ba ya cin wuta sosai, kar ka haɗa shi layi ɗaya da firji.

Abban Sadik:
Ni da ni ne da tuni na sa mata cipro, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, haka masu kiwon a waje suke yi, ga shi kowane kemis akwai.

Baban Hanifa, Bauchi:
A'a Abban Sadik, a bi a hankali. Gaskiya ne ana yi, musamman ga gigantea da ke yawan zuwa da cuta, amma a wani tanki daban ake yi, ana sauya ruwan kullum har kwana bakwai, ana zubawa bayan an kashe fitila don haske na lalata maganin. In ya zuba a babban tanki zai iya taɓa ƙwayoyin da ke tace masa ruwa, amoniya ta tashi, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Tasa ma ba mu tabbatar ciwo take ba, wadda ake ta ɗagawa ana saukewa a ruwa mai zafin 30 dole ta buɗe baki. Ya gyara waɗannan tukuna, ya auna amoniya da naitarait, gubar da ƙazantar kifi ke haifarwa a ruwa, ya ga sifili ne, ya tanadi ruwan gishiri kamar lita 60 a gefe. In kwana biyu suka wuce abin na ƙaruwa sai mu yi maganar magani. In kuwa ka ga jikinta ya fara zagwanyewa, ɗago ta cikin roba ka sunsuna, warin ba ya ɓuya, fitar da ita nan take ka sauya ruwa.

Ɗan Tumfure:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai yaya. Haddoni ce, gashin gajeru ne. Na rufe famfo da soso, na sa fanka, yau da azahar 27.5 na gani. Ban taɓa ta ba, ta cusa ƙafa a gindin dutse ta can baya inda sai na leƙa ta gefe nake ganinta, haushi kamar me amma na bar ta. Bakin ya ragu, bai gama rufewa ba. Kilawun ɗin ko kallonta ba sa yi, wannan kuma lafiya?

Maman Ilham:
Gara haka ma, yanzu in suka shige ta da gurje-gurjensu wahala za su ƙara mata. Wane irin kilawun ne naka? In oselaris ne wasu sai sun yi watanni, wasu ma ba sa shiga sam, don a teku ba haddoni ce gidansu ba. Turo hoton bakin gobe da safe bayan fitila ta yi awa biyu a kunne.