Yarona na gudun makaranta, wai da gaske ana kama uba?

Baban Khalifa, Ketu:
Salam 'yan uwa don Allah a bani shawara. Yarona ɗan JSS 2 ashe sati uku kenan baya shiga aji, kullum zai sa yunifom ya rataya jaka ya gaishe mu ya fita, ashe kasuwar Mile 12 yake zarcewa yana dakon kwandon tumatir, sai jiya uwarsa ta ciro rigar a dunƙule a ƙasan jaka duk jirwayen tumatir. Yanzu an aiko daga makaranta ana nemana, maƙwabcina kuma yace nan Legas ɗaure uba ake yi. Wallahi ban runtsa ba.

Malam Ticha:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka Baban Khalifa, dokar akwai ta amma ba haka take ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBE, ta 2004 ce ta wajabta karatun shekara 9, firamare 6 da ƙaramar sakandare 3, kyauta a makarantar gwamnati, kuma wuyan iyaye aka ɗora wa. In kotu ta sami uba da laifi karon farko jan kunne ne, na biyu tarar naira 2,000 ko wata 1 a gidan yari, in ya sake 5,000 ko wata 2. Legas ma tana da nata dokar haƙƙin yara tun 2007. To kai da kake turo shi kullum ai ba hana shi kayi ba. Kaje da ƙafarka gobe, kar ka aika uwarsa, ka karɓi lambar ticar ajinsu.

Maman Ilham:
Ni dai Alhaji tarar bata dame ni ba, yaron ya riga ya ɗanɗani kuɗi, nan ne matsalar take. Kuma don Allah kar ka fara da bulala, ka zaunar da shi ka tambaye shi, nawa haka yayi a Idi-Araba ashe dariya ake masa a aji saboda baya jin Yarbanci kuma turancin ma da ƙyar, sai da muka sa shi lesin ɗin yamma ya dawo hanya.

Baban Khalifa:
Nagode Allah ya saka. Na zaunar da shi bayan isha'i, yayi ta kuka, wai takalminsa ne ya yage tun farkon zango yaji nauyin faɗa min ganin kasuwa ba daɗi, shi ne yake tara kuɗin. Gobe ƙarfe 7 tare zamu tafi in sha Allahu.